Turancin Bola

Shekarar da aka kai ni makarantar Midil a Bauchi, na dawo Azare hutun farko da sakamakon da bai yi wa Baba daɗi ba. Lissafi na taɓuka, Larabci ma haka, amma Turanci ya kayar da ni. Baba ɗan kasuwar gyaɗa ne, bai san ko bihim a boko ba, sai dai ba ya son a ce ɗansa ne a baya.

Ya ce, "Mu da tilawa muka iya allo. Wannan ma ai ba karatun aljanu ba ne. Zan samo maka abin bita."

Ba a bari mu fito da littafi daga makaranta, a kasuwa kuma babu. Sai Baba ya shirya da wani lebura mai share gidan Bature a bariki, ya riƙa tsinto masa duk abin da ke da rubutu a bola, yana kawowa a buhu.

Warin buhun ya riga mutumin shigowa zaure. Da aka zazzage, ga jaridun da aka naɗe kifi da su sun jiƙe sun manne, ga gwangwanaye da guntun abinci ya ruɓe a ciki, tsutsa na motsi, korayen ƙudaje sun biyo su tun daga bariki. Baba ya sa sanda yana tonawa, yana turo mini.

Haka muka riƙa yi kullum bayan la'asar. In riƙe takarda da ɗan yatsa biyu, ina karatu ina ɗauke numfashi.

"Ɗaga murya! To, me ya ce?"

In na gane in fassara. In ban gane ba, ya ce in sake har sai harshena ya saba.

Inna Babarbariya ce, mai tsaftar da ko ƙuda ba ya sauka a kwanonta. Ta rantse buhun nan ba zai wuce zaure ba. Amma akwai wani dogon gwangwani mai murfi da ya shiga ranta. Ta dirje shi da toka, ta shanya, ta mai da shi mazubin man shanu. Muka yi ta cin tuwo da man cikinsa.

Wata rana lebura bai zo ba, Baba ya ce a miƙo gwangwanin Inna, ai shi ma da rubutu a jikinsa. Na fara haɗa baƙi, sai na ci karo da wata kalma da malaminmu ya taɓa rubuta mana a allo, ya ce mu kiyaye ta duk inda muka gan ta. Na tsaya a kanta.

Baba ya ce, "Me ya tsayar da kai? Faɗi mana."

"Baba, na kitsen alade ne."

Inna tana bayan ƙofa tana jiran kayanta. Muka ji salati, muka ji gudu, sai kakarin amai a bayan ɗaki. Ni ma ban kai ƙofar gida ba. Ranar ta fasa tukunyar miya, ta jefa ludayi da muciya a wuta, ta wanke mana baki da sabulun salo har dasashina ya yi jini. Baba ya je wurin liman, aka ce masa babu zunubi a kan rashin sani. Sai dai ciki ba ya jin fatawa. Na yi shekara da shekaru ko ƙanshin man shanu na ji sai zuciyata ta tashi.

Inna ta ce wa Baba, "Malam, in Turancin nan sai an tono shi a juji, a bar musu abinsu."

Baba ya ɗauki fartanya. Ya haƙa rami a bayan gari ya binne tarkacen, ya sallami leburan. Da gari ya waye ya kama hannuna zuwa kantin da yake kai gyaɗa, wurin wani akawu mutumin kudu, ya roƙe shi ya riƙa hira da ni da Turanci in ya tashi aiki. Shi kuma Baba ya zauna a kan buhu yana kallon bakinmu, in na yi in'ina ya daka mini harara.

Da na koma Bauchi bakina ya buɗe. Malamin Turanci ya saurare ni, ya ce, "Kai kuma yaushe ka je Ikko?"