Yadda Taubashina Ya Zama Ƙasa-Ƙasa

Ko na tsufa har na manta inda na ajiye carbina, ba na jin zan manta da yammacin da taubashina ya ja rundunar ruwa a ƙarƙashin rumfar mai shayi ta bakin gadar Wudil.

Shi wannan taubashin nawa jikan masunta ne, kuma bai taɓa bari mu manta ba. Mu da iyayenmu manoma ne daga Darki, a wurinsa kifin fadama ma ya fi mu sanin duniya. Alhali shi kansa tela ne, ban taɓa ganin ruwan kogin nan ya wuce masa idon sawu ba.

Wani malamin makaranta a majalisarmu ya zo da kwamfuta mai wasan jirgin yaƙi da ke nutsewa a ƙarƙashin teku. Kai ne kyaftin, ka leƙa ta madubi ka hango jirgin abokan gaba, ka harba masa tofido, wato bam mai gudu a cikin ruwa. Malam ya yi mana bayani: sai ka auna saurin jirgin ka harba gabansa, sannan ka saita zurfin da bam zai bi daidai da cikin jirgin. Duk muka gwada, duk muka sha kunya.

Taubashina ya kurɓi shayi ya ce, "Ku matsa, 'yan fartanya. Harkar ruwa gado ce. In ban kifar da jirgin can ba, ku raɗa min sunan da kuka ga dama, wallahi zan amsa shi har kabari."

Muka ce a shaida. Mai shayi ya shaida, haka ma yayan yarinyar da taubashina yake nema, wanda ya tsaya sayen burodi ya fasa tafiya.

Maganar gaskiya, ya iya auna gaba, har gabana ya faɗi. Amma da ya zo saita zurfi, sai ya murɗa shi can ƙasa. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ya yi zurfi fa."

"Malam, alli ka sani. Kakana ya ce ruwa maƙaryaci ne. In ka hango kifi za ka soke shi da mashi, ƙasa-ƙasa ake suka, ba inda ido ya nuna ba."

Ya harba. Muka zuba ido, bam ya ja layin kumfa ya nufi tsakiyar jirgin ɗoɗar, ya bi ta ƙarƙashinsa ya wuce kamar mai bin ƙarƙashin gada. Jirgi ko gezau.

Mai hankali da a nan zai tsaya. Shi kuwa ya gyara hula ya ce bai yi ƙasa sosai ba ne, ya ƙara murɗawa. Na biyu ma ya wuce salin alin. Malam ya sake cewa ai jirgi a saman ruwa yake, ba kifi ba ne, taubashina ya daka masa tsawa ya ce kada a koya masa sana'ar gidansu. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, bakinsa kuwa bai daina "ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa" ba.

Na ƙarshen ya kai shi ƙarshen ma'auni. Bam ya fita, ya dunguri ƙasan teku, ya tashi a gindin jirgin taubashina. Allon ya yi ja, ƙararrawa ta ɗauka, ruwa ya cika jirgin da kyaftin ɗinsa. Jirgin abokan gaba ya ci gaba da tafiyarsa, bai ma san an yi yaƙi ba.

Sai taubashina ya ce, "Ruwan Turawa ne, ba shi da albarka."

Na yi dariya har na shaƙe da burodi. Ban ma sha wahalar neman suna ba, shi ya raɗa wa kansa. Kafin magariba 'yan acaɓan bakin gada sun ɗauka, ranar Juma'a kuwa har 'yan kara masu cinikin shanu sun sani. Ya yi fushi, ya daina zuwa majalisa, ya aiko a ba mu haƙuri. Muka ce rantsuwa ya yi, mu ba za mu taya shi kaffara ba.

An dai ba shi yarinyar. Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, maroƙi ya buɗe murya a gaban surukai da limamai ya ce, "An ɗaura auren Alhaji Ƙasa-Ƙasa!" Na ga ya runtse ido, sannan a hankali ya ɗaga hannu ya amsa. A nan ne kawai na ɗan ji tausayinsa, shi ma bai daɗe ba.

Abin da na koya shi ne, kakansa bai yi ƙarya ba, don shi da ƙafarsa ya shiga kogi ya gano abin da ya faɗa. Jikan ne ya haddace maganar bai taɓa tambayar dalilinta ba. Tun daga ranar, in na ji bakina zai ce "haka muka gada", sai na fara duba ko kifi ne a gabana ko jirgi.