Motar da Ta Kai Kaka Salaga

Ranar shida ga watan Maris na shekarar 1957, ranar da ƙasarmu ta karɓi mulkin kanta, na dawo daga filin fareti da azahar, ƙafafuna futu-futu, muryata ta dushe saboda waƙar da malamai suka sa mu yi ta rerawa. Duk Tamale ta fita, ana ta kiɗa. Amma da na shiga gidanmu na Zango sai na tarar da shiru. Baba yana durƙushe a bayan ɗakin girki, gaban tsohuwar motar nan baƙa da kajin Mma, mahaifiyata, suka mayar wurin yin ƙwai. Ya danna ƙasan motar da yatsa, yatsan ya ɓurma kamar ya huda busasshen ganye. Kaka Adisa, mahaifiyarsa, tana kwance bisa tabarma a inuwar darbejiya tana kallonsa. Da safiyar nan wani falke mai goro ya kawo saƙo cewa ƙanwarta Memunatu tana kwance a Salaga, jiki ya yi tsanani, kuma sunan Kaka take ta kira.

Kaka ba za ta iya shiga lori ba. Tun da ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta ya daina ɗaukar zama, balle zaman bencin katako a hanyar Salaga mai gargada. Sai dai a kwantar da ita. Motar kuwa wani Bature ne ya bar wa Baba ita da zai koma ƙasarsu, injinta da sauran rai, amma tsatsa ta cinye ƙasanta da gindin ƙofofinta. Baba mai walda ne, a soja ya koya lokacin yaƙin Boma. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce wa Kaka, "Mma, in Allah ya yarda kafin ruwa ya ɓata hanya zan kai ki." Kaka ta ce, "Salifu, ni dai ina nan kwance, ba inda za ni."

Ni ce babba a gidan, ƙannena duk ƙanana, don haka aikin ya zama nawa da Baba. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Da sassafe nakan bi matan unguwa zuwa dam mu ɗebo ruwa, maƙwabtanmu Dagwamba suna gaishe mu da harshensu, "Dasiba", muna amsa "Naa". In na dawo in share tsakar gida, in kai wa Mma kokon da take sayarwa bakin titi, sannan in ruga makaranta. Da an tashi, ƙawayena sukan tsaya wasan ampe, suna tsalle suna tafi, ni kuwa sai in wuce gida ina jin tafin nasu a bayana har in sha kwana.

Baba ya samo wata ƙofar lori da ta yi haɗari, daga ita yake yanko fallen ƙarfe. Yakan ɗora kwali a kan ramin ya zana da alli, ya yanka ƙarfen daidai da kwalin, ya yi ta gogar bakinsa har ya zauna ba tazara. Sannan ya zuba ruwa a kan kabaid, irin dutsen nan mai wari da ke ba da iskar walda, ya kunna wutar ya rage ta har ta zama ɗan shuɗin harshe kamar ƙwayar shinkafa. Ƙarfen mota ba shi da kauri, in wuta ta daɗe a wuri guda sai ya huje ko ya lanƙwashe. Saboda haka ba ya jan walda a miƙe. Ya ɗiga nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ni kuma in dafa jiƙaƙƙen tsumma a gefen wurin, ya yi cuu, tururi ya tashi. Kafin ya huce sarai sai ya tara wani dunƙulen ƙarfe ta ƙasa, ya bi ta sama da ƙaramar guduma a hankali. "Kau da ido, Uwata," haka yake faɗa duk lokacin da zai kunna wuta, don baƙin tabarau ɗaya ne gare mu.

Muna cikin haka azumi ya kama, zafin Tamale kuma ya kai inda ya kai. Baba yana aikin mutane a gareji da safe, ya dawo bayan la'asar leɓɓansa a bushe, ya shiga cikin motar da ta sha rana. Wata rana hadari ya haɗo ta gabas, karo na farko a shekarar. Baba ya ɗaga kai ya dube shi, sai na ga hannunsa ya canza. Ya ja wutar a miƙe bisa ƙofar baya, ƙofar da za a shigar da Kaka ta nan. Nan take ƙarfen ya yi ja, ya huje, ƙofar ta murɗe har ta ƙi rufuwa. Aikin kwana da kwanaki ya lalace. Baba ya kashe wutar ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da tafin hannu. Ban taɓa ganinsa haka ba, sai na tsaya da tsumma yana ɗiga mini a ƙafa. Daga tabarmarta Kaka ta ce, "Salifu, in Memunatu ta riga mu, ba kai ka kashe ta ba. Yi aikinka yadda ka saba." Hadarin ya watse bai zubar ba. Washegari Baba ya yanke wurin da ya ƙone, muka koma ɗigo-ɗigo.

Bayan ƙaramar Sallah muka kama hanya. Motar ba fenti, jikinta faci-faci, amma ƙasanta ya ɗauki nauyin Baba da ya hau ya yi tsalle a kai. Mma ta shimfiɗa katifar rimi a baya, aka kwantar da Kaka, kanta bisa cinyata. Muka wuce gonakin doya da aka tayar wa kunya, da matan Fulani ɗauke da ƙwaryar nono, da itatuwan kaɗanya. Duk ramin da muka faɗa sai Kaka ta matse hannuna.

Mun tarar da Memunatu da rai, sai dai idanunta sun tafi. Aka kwantar da Kaka kusa da ita. Ta lalubo fuskar Kaka, ta shafa tsagar kumatunta, ta ce, "Yaya, kin tsufa." Kaka ta ce, "Ke fa?" Suka yi dariya, sannan suka yi kuka, Baba ya ja ni muka fita waje. Ranar da za mu koma, Baba ya shiga don ya ɗauko Kaka, sai ta ce ya zauna. Ta ce, "Ka kawo ni gida, Allah ya yi maka albarka. Ku tafi, takwarata tana da makaranta." Baba ya roƙe ta, ta ƙi. Muka dawo da katifar ba kowa a kanta. Memunatu ta rasu cikin daminar nan, Kaka ta bi ta kafin a cire sabuwar doya.

Yanzu ina zaune a unguwar Kalpohin ta Tamale wajen ɗana, inda a da daji ne muke zuwa itace. Babura sun cika titi, hanyar Salaga ba ta cin yini. Akwai masu walda a bakin layinmu, da lantarki suke yi, kuma in ƙofar mota ta ruɓe cire ta suke yi su sa wata. Ban ga laifinsu ba, zamaninsu ne. Sai dai wani lokaci in na wuce, har yau nakan rage tafiya in duba ko akwai wata yarinya tsaye kusa da ubanta. Ban yi ampe ba a waccan shekarar, kuma ban taɓa jin na yi asara ba.