Abokin Wasan Maƙwabcina

Tungarmu ba ta cikin Gusau, ba kuma za a ce mata ƙauye ba. In ka fito ta ganuwa ka kama hanyar Tsafe, kafin ka gaji za ka ga wata kuka mai kogo a gindi, to daga nan muka fara. Mutanen cikin gari suna ce mana ƙauyawa, mutanen Wonaka da Magami in sun zo cin kasuwa suna ce mana 'yan birni, mu kuwa duk wanda aka kira mu da shi amsawa muke yi. Wata ƙorama ce ta raba wurin gida biyu. Da rani yaro yana tsallake ta, da damina sai babba ya tattare wando. Gabas da ita tudu ne, jigawa mai son gero da gyaɗa. Yamma kuma gangare ne, baƙar ƙasa mai danƙo, tana tafiya har fadamar gulbi.

Mahaifina ne ya fara sare daji a wurin. Daga Kekun Waje ya taso, ta ƙasar Bungudu, bayan zuwan Turawa da kaɗan, lokacin da mutane suka daina tsoron kwana a bayan ganuwa. Waɗanda suka biyo baya kowa ya nemi inda ya dace da sana'arsa. Katsinawa, su ne suka fi yawa, suka kama tudu kusa da masallaci, don su ba sa zama inda ba za a gan su ba. Nufawa masaƙa suka raɓa a bayansu. Barebari suka haƙa karofin rini a bakin ƙorama, shi ya sa ruwanta daga nan zuwa ƙasa ba ya shawuwa. Fulani suna can ƙarshen jigawa da shanunsu, bukkoki ne kawai, amma sun riga wasu masu soro zuwa. Maƙera suna gindin kuka, tare da wani tsohon Buzu da ya zo da ayarin gishiri, raƙuminsa ya mutu, shi kuma bai ga dalilin komawa da ƙafa ba. Mu Zamfarawa muna gangare, sai gida ɗaya tilo na wani Bagobiri, darninsa a jikin namu.

Baƙo in ya iso da hantsi sai ya ɗauka faɗa ake yi. Bafulatana ta kawo nono ƙofar marina, Babarbare ya ce ga baiwarsa ta kawo gaisuwa, ita ta ce ya wanke hannunsa tukuna, kada ya rina mata ƙwarya. Bakatsine ya tsaya a kan Banufe yana saƙa, ya kushe zaren, ya kushe ƙasarsu, ya ɗauke masa goro ya yi gaba. Buzun nan ba ya wuni bai ce wa maƙera bayinsa ba, su kuma suna tambayarsa labarin raƙumi. Duk wasa ne na kaka da kakanni, kowace ƙabila da abokiyar wasanta, kuma ba a fushi. Amma wasan nan yana da shinge. Wanda ba abokin wasanka ba, in ka gaya masa rabin wannan, sai an je gaban mai unguwa.

Mu namu abokan wasan suna nesa, babu ko ɗaya a tungar. Taubasaina ma suna Bungudu. Bagobirin nan shi ma haka, don Yarbawa ne nasu, a lokacin kuwa ba mu taɓa ganin Bayarabe a tungar ba. Saboda haka in an idar da sallar la'asar kowa ya kama nasa da tsiya, ni da shi sai mu koma dakalin zaurena mu zauna muna kallo. Sa'ana ne, ko na girme shi kaɗan ne. Yana da jakai, yana ɗaukar kaya zuwa Tsafe da Bungudu, ni kuma ban san komai ba sai noma. Gonarsa tana kan iyakar tawa. A akushi ɗaya muke cin tuwo, ni na zaɓa wa ɗansa na fari ragon suna. Mutum ne mai ƙarancin magana, ni ma haka, sai mu yi rabin yamma ba wanda ya ce uffan, kuma mu tashi da daɗin hira. Malam yake ce mini, ni ma Malam nake ce masa. Ban taɓa jin wani abu ya rage a zaman nan ba.

Sai hanyar jirgin ƙasa ta iso Gusau. Aka gina tasha, aka kafa kantunan sayen gyaɗa da auduga, baƙi suka cika wajen har babu masaka tsinke. Waɗanda ba su sami wuri a can ba suka fara gangarowa wurinmu. A cikinsu akwai wani tela Bayarabe, Musulmi daga wajen Ilori, gajere mai ƙaton ciki, da keken ɗinki wanda ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ya zauna Zariya, yana jin Hausa daidai gwargwado. Mai unguwa ya tambayi wanda zai saukar da shi, ni da bakina na ce akwai fili a bayan rumbunana.

Ranar da ya tare, maƙwabcina ya dawo daga Tsafe da jakansa. Ya tsaya ya dubi tsagar fuskar telan, telan ya dubi tasa. Sai na ji mutumin da na sani da sunkuyar da kai ya ɗaga murya.

"Wa ya sako min bawana hag Gusau? Yaushe ka gudo?"

Telan bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba. Ya ce, "Ni na zo neman naka ne. Babana ya ce akwai wani bawanmu da ya ɓace, yana bin jaki. Ashe kai ne."

Maƙwabcina ya yi dariya har ya dafa jaki. Shekara da shekaru muna tare, ban san yana da wannan dariyar ba. Na yi dariya ni ma, don a ga na yi.

Ba zan ɓoye ba, kishi na yi, irin wanda namiji ba ya son a ji yana yi. Kafin wata ya mutu, maƙwabcina ya san hanyar rumfar telan fiye da ta dakalina. Ya shiga ya cire masa hula ya sa a kansa ya fita. Telan ya ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo da gangan, ya ce haka ƙafafun Gobirawa suke, shi kuma ya sa abinsa ya zaga tungar yana nunawa. In matar telan ta yi miyar manja mai barkono, sai ya ɗauke kwanon gaba ɗaya, yana ci yana hawaye yana zagin miyar. Duk ina jin su, don darni ne kawai a tsakani. In ya gama ya biyo ta ƙofata, sai ya gyara fuska, ya rage murya, ya ce, "Malam, an wuni lahiya?" kamar wanda ya shigo gaban alƙali.

Telan bai taɓa yi mini laifi ba, wannan ma ya fi ba ni haushi. Kullum sai ya rusuna ya ce mini Baba mai gida, ya aiko mini da goro ranar Juma'a. Da ya kasance mugu da na sami abin kamawa. Mai ɗakina ce ta fara ganewa. Ta ga ina tura tuwo ba na ci, kunnena yana bayan rumbu, ta ce, "In zagin kaka so, Malam, ai sai ka hwaɗi, ni ma na iya."

Abin ya kai ni har na yi tattaki zuwa Bungudu wurin goggona, wadda ta san asalin kowa a danginmu. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye ta ko a kakanninmu akwai wanda ya haɗa jini da Gobirawa, ko ta wajen mata ne. Lissafina shi ne, in akwai, to ni ma ina da haƙƙin shiga wasan, in zauna a rumfar tare da su. Tsohuwa ta ajiye mazarinta ta dube ni.

"Gobirawa? Su da sunka ci garin kakanninmu? Mi ya same ka? Mu Zamfarawa na tsantsa, gaba da baya."

Ta ɗauka albishir ta yi mini. Na dawo gida da tsarkin asalina, ban taɓa jin abin da ya yi mini nauyi irinsa ba.

Da damina ta kankama, kurkunu ya kama maƙwabcina a ƙafa, daidai lokacin noman fari. Ƙafar ta kumbura, ba ya ko iya zuwa masallaci. Na ce a raina yanzu za a san wanda yake nasa. Ni na nome gonarsa kafin tawa, na koma na yi maimai. Ni nake yanko wa jakansa ciyawa. Ni nake zama in naɗe tsutsar a jikin tsinke a hankali don kada ta tsinke, yana cije baki, ina ba shi haƙuri. In na gama sai ya kama hannuna da hannu biyu ya yi ta addu'a, Allah shi saka, Allah shi jiƙan mahaifa, har in ji kunya. Fuskarsa kuwa ba ta sakewa.

Telan fa bai san yadda ake riƙe fartanya ba. Sai da yamma zai leƙo zauren, ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu, ya ce, "Dubi malalacin bawa. Tsutsa ma ta ga ba ka da amfani, tana fita." Mutumin da ya wuni yana nishi sai ya tashi zaune, ya laluba abin jifa, yana dariya yana rantsuwar sai ya sayar da shi in ya warke. Matar maƙwabcina ta ce in telan ya zo ne kawai yake cin abinci sosai. A gabana ta faɗa, ina zaune da ƙasar gonarsu a ƙafata.

Wata ranar, bayan na ɗaure masa ƙafar, na kasa daurewa. Na ce, "Malam, in tambaye ka. Tun da muke, ba ka taɓa zagina ba."

Ya zaro ido. "Subhanallahi. In zage ka? Mi ka yi min?"

"Ba ka gane ba. Ko sau guda. Ka ce min wani abu, irin wanda kaka ce mishi."

Ya ga da gaske nake. Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Ya dube ni daga hula har ƙafa, ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake dubana, na ga yana nema, ni kuma ina jira kamar mai jiran rabon nama. Can sai ya sunkuyar da kai.

"Ba ni iyawa, Malam. Kai ai kunyarka nika ji. Ba ni da kamarka duk tungag ga."

Na san gaskiya ya faɗa, na kuma san babu abin da ya fi wannan girma da zai ba ni. Amma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Muna nan zaune sai muryar telan ta taso daga waje yana tambaya ko bawan ya mutu ne a raba jakai. Na ga fuskar maƙwabcina ta washe, ya ja jiki da ƙafa mai ciwo ya nufi ƙofa don ya rama. Na ɗauki fartanyata na fita ta bayansu.

Bayan kaka telan ya sami rumfa a bakin tasha, inda masu ɗinki suka fi yawa, ya kwashe iyalinsa ya koma. Ba a daɗe ba maƙwabcina ya ce aikin jakai yanzu duk a tasha yake, daga kanti zuwa jirgi, gara ya matsa kusa. Gaskiya ne, aikin yana can. Amma na san gidan da ya kama, na kuma san wanda yake jikin katangarsa. Ya kira mai unguwa da liman, a gabansu ya ba ni gonarsa kyauta, ya ce babu wanda ya cancance ta sai ni, ya yi ta yabona har dattawa suna gyaɗa kai. Kowa ya ce na yi dacen aboki.

Gona ce mai kyau, dawa tana yi a cikinta fiye da tawa, 'ya'yana ma sun ci daga gare ta. Da ya riƙe abarsa ya ce mini bawa sau ɗaya, da ya fi mini.