Baba Ganye da Shukokin Roba

A ginin kamfanin inshorar ba kowa ya san sunansa na yanka ba, Baba Ganye ake ce masa tun daga maigadi har manaja. Aikinsa kula da shukokin da aka jera cikin tukwane a ofisoshi. Yawancin ofisoshin nan ba su da taga, sai ƙwan lantarki da sanyin na'ura, don haka shuka ba ta daɗewa a ciki take fara ɗashewa, ganyen ya yi fatsi-fatsi, reshen ya yi tsawo ba ƙwari. Da ya ga haka sai ya ɗora tukunyar a kura, ya shiga lifta da ita zuwa saman rufi, ya sauko da wata wadda ta murmure. Ma'aikata suna kiran rufin nan asibitin Baba. Can yake cin abincin rana, can yake salla, iska na kaɗa masa riga.

A wannan aikin ya yi furfura. A cikinsa ne kuma ciwon ƙoda ya kama maiɗakinsa, har ta kai ana yi mata wankin ƙoda a asibitin da kamfani yake biya wa ma'aikatansa da iyalansu.

Wata safiya sabon manaja ya kira shi ƙofar sito, inda aka sauke manyan kwalaye. Ya yage ɗaya, ya zaro wata shuka kore shar, tana sheƙi.

"Baba, ka huta da hawa da sauka. Waɗannan ba sa shan ruwa, ba sa neman rana. Tsumma kawai za ka riƙa bi da shi."

Baba ya shafa ganyen, ya ji roba ce. "Ranka ya daɗe, to na saman fa?"

"Wanda yake so ya ɗauka. Rufin ma za a kafa injinan sanyi a kai, za a kulle."

Kafin mako ya zagayo ma'aikata sun kwashe tukwanen zuwa gidajensu. Shi bai ɗauki ko ɗaya ba, domin ɗakin da yake haya a ƙasan bene yake, tagarsa bangon maƙwabta take kallo.

Ƙaninsa, wanda yake da lambun sayar da dashe a bayan gari, da ya ji labari ya zo har gida. "Yaya, ka ajiye musu tsummansu ka taho. Hannunka nake nema, wallahi."

Baba ya dubi labulen da maiɗakinsa take kwance a bayansa. Daga ciki ta ce, "Ka tafi mana, Malam. Ni Allah yana nan."

"Allah yana nan, amma katin asibitin na kamfani ne," in ji shi. Ƙanin ya sunkuyar da kai, bai ƙara tayar da zancen ba.

Haka ya ci gaba, daga hawa na ɗaya zuwa na ƙarshe, da bokiti da tsumma. Yana shiga ginin rana ba ta gama fitowa ba, yana fita ta faɗi.

Ran nan Auta, 'yarsa da take sakandare, ta tare shi zai fita. "Baba, ka tsinko mini ɗanyen ganye a wurin aikinku. Gobe za mu ciro kulorofil a aji."

"Za ku ciro me?"

"Abin da yake sa ganye ya zama kore. Malama ta ce hasken rana launuka ne a haɗe. Kulorofil ya shanye ja da shuɗi, shuka ta haɗa abincinta da su daga ruwa da iska. Koren ne ba ya sha sosai, sai ya dawo mana a ido."

Baba ya tsaya da hula a hannu. "Wato abin da ganye ya bari shi muke gani?"

"Shi ne. In kuma babu haske, shuka ba ta yin kulorofil ɗin ma."

"Yo shi ya sa suke ɗashewa! Ashe abin yana da suna."

Ranar ya zagaye ginin kaf, ko'ina kore, amma ba ganye ɗaya da zai kai wa 'yarsa. Ya je ƙofar rufi ya tarar da kwaɗo. Sai da aka tashi ya hango wata ciyawa mai faɗin ganye ta tsiro a bakin magudanar ruwa, inda ake ajiye motoci. Ya durƙusa yana tsinka, maigadi na yi masa tsiya, wai Baba ya koma kiwo.

Washegari Auta ta dawo da 'yar kwalba. Ta ce sun tafasa ganyen, sun jiƙa shi a sifirit, ya koma fari fat, koren duk ya fita ya bi ruwan. Baba ya ɗaga kwalbar saitin ƙwan lantarki, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa maiɗakinsa bayan labule ita ma ta gani.

"Gobe ranar wanki ce a asibiti," ta tuna masa.

"Na sani. Zan roƙi manaja ya sake ni da wuri, in na gama goge hawa na uku."