Hajiya Falmata da Matan Suyar Gyaɗa na Dogo

Da an sallame asuba, Hajiya Falmata kan yafa mayafinta ta taka da ƙafa daga unguwar Birni a Zinder zuwa kamfanin man gyaɗar da ta shugabanta shekara goma sha tara. Ba biro, wato ofishinta, take fara shiga ba. Sai ta leƙa wurin masu ɓarar gyaɗa, ta gaisa da direbobi, ta ɗanɗani man da aka tace jiya, sannan ta je ta zauna. A watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa nake so in faɗi abu guda cikin ayyukanta, ko da alƙalamina bai kai ba.

Kamfanin yana da rassa uku, a Zinder da Mirriya da Dogo. Kowace shekara akan zauna a tsara aikin baɗi: buhu nawa za a soya, garwa nawa ta mai kowane reshe zai kawo. Shekara huɗu da suka wuce, mataimakinta Safiyanu, mutum mai ilimi da kishin aiki, ya zo taron da takarda. Shekara uku a jere, in ji takardar, Dogo ba ta cika kasonta daga Yuni zuwa Satumba. Shawararsa a rufe reshen, a ɗauko injin tatsar man a kawo Zinder. Manyan kamfani duk suka amince. Mata ashirin da shida ke suya a can, yawancinsu da aikin nan suke riƙe gida.

Sa hannun Hajiya kaɗai ya rage. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce ba ta ji bakin Dogo a ciki ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Safiyanu ya ce ai alƙaluma ba sa ƙarya. Ta ce ta yarda, sai dai ba a yi musu tambaya su amsa.

Washegari ta kwashi manyan duka a mota ɗaya sai Dogo. Aka kawo mata kujera, ta ƙi, ta zauna a tabarma cikin rumfar suya. Balki, babbar matan, da farko ta noƙe, wai su da ba su yi lakol, wato boko, ba me za su faɗa wa masu takarda. Hajiya ta yi ta jira. Can Balki ta dubi Safiyanu.

"Ɗana, a gidanku da damina ake tonon gyaɗa?"

Matan suka rufe baki da gefen zane suna dariya. Balki ta ci gaba da cewa takardar biro ta raba shekara kashi goma sha biyu daidai wa daida, kamar wata duk ɗaya ne. Da damina gyaɗa ta ƙare a rumbuna, itace a jiƙe, su kuma suna gona. Bayan kaka kuwa, kafin tsakiyar wata sun gama kasonsu, sai su zauna suna korar ƙuda, don tsari bai yarda a ƙaro musu buhu ba.

Safiyanu ya sunkuyar da kai. Waɗanda ke wurin sun ce kowa ya zuba masa ido, ana jiran faɗa. Hajiya ta gyara zama.

"Ku bar duban Safiyanu. Ni na sa hannu a rabon nan shekara uku, ban taɓa tambayarku ba. Laifina ne, Yaya Balki, ku yafe ni."

A tabarmar nan aka sake tsarin kamfani gaba ɗaya. Dogo za ta yi aikinta mai nauyi daga kaka zuwa bazara, a sassauta mata da damina. Mutari direba, da ya ga bakin kowa ya buɗe, ya ce to sai an ba shi sawu biyu a mako da rani. Mutanen Mirriya suka ce suna da ɗakin ajiye mai. Tun daga ranar ba a ƙara rattaba hannu a tsarin shekara ba sai masu suya da direbobi da masu kai mai kasuwa sun faɗi nasu, Hajiya ce ta ƙarshe a magana.

Ke ce, Hajiya, uwar da ba ta jin nauyin cewa ta yi kuskure a gaban 'ya'yanta. Kin rufa wa Safiyanu asiri ranar da za ki iya jingina masa komai, ga shi yau shi zai gaje ki. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma masu riƙe da ma'aikatu, kafin ku yanke wa mutane shekararsu, ku je ku tambaye su yadda take. Injin Dogo yana nan inda yake. Man da matan nan ashirin da shida suke tacewa da rani, shi kamfani ke sayarwa duk tsawon damina.