Ranar da Muka Loda Mutanen Unguwa a Motar Kawu

Ko tsufa ya fara wasa da tunanina, ba na jin zan manta da yammacin da na loda mutanen unguwa guda a bayan motar kawuna a Roni, ni kuma ina kwance a ƙarƙashinta ina neman wayar wutar da ke kashe ta.

Sana'ata gyaran wutar mota ce a Kazaure. Motar kuwa tsohuwar roka ce mai bodin katako, mai shan fetur, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita Kawu ya riƙe gidansa, yana jigilar gyaɗa da gero tsakanin Roni da Gwiwa da kasuwar Babura. Kwatsam sai ta tsiro da wani hali. In babu kaya, ta tashi garau. Da an loda mata buhuna, sai ta yi 'yar tafiya ta mutu murus. Na duba batir, na canza kwayil, na kwance makunni, amma a garejina ko tari ba ta taɓa yi ba.

'Ya'yansa suka gaji. Babban ma har ya gama magana da 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, washegari za su zo su yanyanka ta. Kawu ya kira ni, ya ce, "Ɗana, zo ka duba ta karo na ƙarshe. In ta ƙi, na haƙura." Wallahi muryarsa ta ba ni tausayi.

A kan babur ina hanya tunanin ya faɗo mini: tunda sai da kaya take mutuwa, to da kaya ya kamata a duba ta. Sai dai ina kayan? Duk wanda ya san halinta ya daina ba ta buhunsa. Ana sallame la'asar na tsaya a ƙofar masallaci, na ce, "Jama'a, a taimaka a hau motar Kawu." Liman ya ce, "Ina za mu?" Na ce, "Ko'ina ba za mu ba, Allah gafarta Malam, nauyinku kawai nake so." Aka kwashe da dariya, amma fa aka hau.

Kawu ya tayar da ita, na shige ƙarƙashinta. Dattawa suka hau, mai shayi ya hau, mahauci ya hau da wuƙarsa a ƙugu. Ina kallon bodin yana saukowa a hankali, inji kuwa ko a jikinsa. Gumi ya karyo mini, na ce yau na tara wa kaina 'yan kallo.

Ana haka sai ga Gwaggo, taubashiyar Kawu, ta dawo daga gidan suna da ƙunshin tuwonta. Mace ce mai jiki, masha Allah. Kawu ya leƙo ta taga, ya ce, "Yauwa, ga buhu goma nan tafe!" Ta ce, "Kai da motarka duk 'yan gwangwan ya kamata su kwashe." Duk da haka ta miƙa hannu aka ja ta. Tana zama a kusurwar hagu, na ga tartsatsi a gefen tanki, inji ya mutu ɗif. Kai, ihun da aka yi har bakin kasuwa an ji shi!

Na ƙwala kira, "Gwaggo, don Allah kada ki motsa!" Ta ce, "Oh ni, yau na zama kayan aiki." Ashe wani katako ne da kafinta ya ƙara wa bodin. Idan nauyi ya yi yawa, sai ya danne wayar famfon fetur a jikin ƙarfe. Robar ta cinye, wuta na zurarewa, fis ɗin da zai ƙone ya tona asiri kuwa tuni wani ya maye gurbinsa da ƙusa.

Kafin magariba na ja sabuwar waya ta cikin tiyo, nesa da katakon, na sa fis na gaskiya. Kawu ya zaga gari da jama'ar nan, Gwaggo na rangaɗa guɗa. Bayan 'yan kwanaki na sake wayoyin motar gaba ɗaya, na cire tsohon dainamonta na sa mata na zamani. 'Yan gwangwan kuwa da suka zo washegari, shayi kawai suka sha suka koma.

A yammacin nan, da kowa ya sauka, Kawu ya dafa ƙofar motar, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Da an yanka ta, ni ma zaman gida ya same ni ke nan." Sai a lokacin na gane ba motar kaɗai ake shirin ajiyewa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba a gane inda abu ke ciwo sai yana ɗauke da nauyinsa. Mota ce ko mutum, kafin ka ce ya gama amfani, sunkuya ka duba inda kayan ke danne shi.