Tanderun Rumawa na Hamissou

Allah ya jiƙan Hamissou mutumin Mirriya ta ƙasar Damagaram. Shekara ashirin da biyu ya yi a Riyad, iƙamarsa, wato takardar zamansa, na cewa lebura ne, amma duk mai gashin burodi a unguwannin Manfuha da Utaiƙa ya san shi da ginin tanderu. A hannun mahaifiyarsa Mariamou, maginiyar tukwane, ya koyi yumɓu. Ba ruwansa da awo. Tafin hannu yake ɗorawa a bango ya ce ya yi ko bai yi ba.

A shekararsa ta ƙarshe tari ya sa shi a gaba. Likita ya ce huhunsa ya gaji da hayaƙi, kafil, ubangidan da ya tsaya masa, ya buga masa takardar komawa gida. Saura kwana goma sha shida ya tashi sai ga Jibirilla, wani Bakano mai karatun kayan tarihi a jami'a, da hoto a waya. Kufan tanderu ne da aka tono a wani sansanin sojojin tsohuwar daular Rumawa: duwatsu a kewaye, daɓe ya ƙone ya yi ja, rufin ya rushe tun tuni. Malaminsa ke son a gina irinsa a gonarsa ta bayan gari, ɗalibai su ga yadda waɗancan sojojin suke gasa burodinsu.

Hamissou ya ƙura wa hoton ido. Ya ce, "Wannan ba a manna ƙullu a bango. Wuta ake hurawa a ciki, a kwashe garwashi, a jera burodi a ƙasa, a toshe baki."

Jibirilla ya ce, "Baba, wata uku na yi da littafi kafin na gane haka."

"Bakano ke nan. Da ciniki ne da tuni ka gane."

Ya karɓi aikin da buri ɗaya. Bai taɓa barin tanderu mai tsaga a bayansa ba, kuma ba ya so ya fara a kan na ƙarshe. Ranar Riyad kuwa mayaudariya ce, takan busar da bayan yumɓu a yini ɗaya ta bar cikin ɗanye. Sai ya lulluɓe ginin da jiƙaƙƙun buhuna har mako guda, ya bi shi da ƙaramar wutar ganyen dabino kwana huɗu. Jibirilla na ta azalzalarsa da "yalla, Baba, yalla," shi kuwa ko kallo.

Ana gobe zai tashi suka hura babbar wuta da hantsi. Wuta ta kama sosai sai aka ji ƙas. Tsaga ce, tsawon kamu ɗaya, daga baki zuwa sama.

Hamissou ya zauna a kan bulo, hannuwa a gwiwa.

Jibirilla ya tsuguna kusa da shi ya buɗe rahoton masu tonon a wayarsa. Ya ce, "Duba nan, Baba. Daɓen nasu hawa uku ne, bangon kuma duk faci. Tanderunsu yana fashewa, suna liƙewa suna ci gaba da gashi."

Hamissou ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da ido, ya bi layukan facin da farce. Can ya saki dariyar da ta kai shi ga tari.

"Ashe su ma 'yan'uwana ne. Miƙo mini yumɓun can da toka, bawan Damagaram."

Ya liƙe tsagar da babban yatsa, aka kwashe garwashi, aka jera burodi takwas. Da aka buɗe baki, takwas ɗin sun gasu, ɗaya kawai ya ƙone a gefe. Wannan ya ɗauka wa kansa, ya ci da shayi yana lumshe ido.

Wata biyu da komawarsa ya rasu a Mirriya, kansa a cinyar 'yarsa Shafa'atu. Ta ce mana har satin ƙarshe yana ba baƙi labarin sojojin Rum masu faci. Allah ya sa ya huta.